Kyamarar da Ba Ta Sallama

Jakar Baba kilo bakwai ce da rabi. Na taɓa ɗora ta a ma'aunin mai gawayi na bakin layinmu, don in tabbatar ba raki nake yi ba. A cikinta akwai baƙar kyamara mai ƙaton kai, da idanu uku da ake ɗaura mata, waɗanda muke ce wa adasa, da filasha, da batura, da wani jan tsumma da ya girme ni. Shekara talatin Baba yana rataye da irin wannan jaka a kafaɗar hagu, tun zamanin fim, har kafaɗar ta sauka ta bar 'yar'uwarta a sama. In ka hango shi daga nesa sai ka ce yana sauraron wani abu ne a ƙasa.

Sunansa Lawal. A Umbadda, da duk inda Hausawan Umdurman suke, Usta Lawal mai hoto ake ce masa, Usta wato gwanin sana'a. Kakansa ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya tsaya nan don ya huta, hutun ya kawo har kanmu. Ni ne Salahuddin, ɗansa na uku. Na zauna jarrabawar gama sakandare, makin bai kai ni jami'a ba. Wata biyu na yi kwance a kan angarib, gadon igiyarmu, ina kallon rufi. Ran nan Baba ya shigo ya sauke mini jakar a ciki.

"Tashi. Kafaɗata ta gama nata. Saura taka."

Ya koya mini haske, ya koya mini inda ake tsayawa. Waɗannan ko'ina ana koyonsu. Abin da ba a samu sai wajensa shi ne shiga gida.

A wajenmu namiji mai hoto iyakarsa diwan, ɗakin baƙi na maza, ko rumfar da ake kafawa a titi ranar biki. Cikin gida na mata ne. Usta Lawal kaɗai ke ƙetare ƙofar nan da kyamara, a suna, a lalle, a dawowar alhazai. Ba takarda aka ba shi ba. A hankali aka bar shi, gida bayan gida, kuma yana da yadda yake yi. In ya yi sallama aka amsa ya shiga, sai ya ɗaga kyamarar sama, ya saita ta a rufi ko a reshen darbejiya, ya danna sau ɗaya. Ƙaras! Ƙarar tsohuwar nan tana ratsa hayaniyar mata talatin. Daga nan sai ya sunkuyar da kai, ya ciro jan tsumman yana goge adasa, ba ya ɗago ido. Mai son gyara tob, mayafin da matanmu ke naɗawa, ta gyara. Mai shayarwa ta juya baya. Wadda bai kamata a gan ta ba ta shige ɗaki. Sai ya ji tsohuwar gidan ta ce "Bismillah, Lawal," sannan ya fara.

Ranar farko da na bi shi na ce, "Baba, ai ka riga ka yi sallama da baki."

"Na yi tawa. Ita ma sai ta yi tata."

"Kyamara?"

"Ni ɗan gida ne, sun san ni, kuma ina mantuwa. Ita baƙuwa ce, ba ta mantuwa."

Na ce to. Shekara biyu ina yin yadda yake yi. Mata suka karɓe ni saboda shi. Kyamarar ma suna gare ta a bakinsu, Hajiya suke ce mata. "Hajiya ta yi magana, ku rufe kawuna."

Sai dai aikin gidaje ba kullum ba ne. Sauran ranaku Khartum nake ƙetarawa. Ɗalibai masu bikin gama karatu, masu gareji a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, da ke son hoton motocin da suka gyara don talla. In shiga hafila, ƙaramar bas, da jakar a cinya, ƙafata ta mutu kafin mu kai gada. A shekarun nan kuma akwai ranakun da ake rufe gadoji ba sanarwa, mota ta sauke ka nesa, ka taka. Na taɓa takawa daga bakin Nilu har gida da tsakar rana, madaurin jakar ya yanka mini fata, gumi ya shiga ciki. Samarin da muke haɗuwa da su a wajen aiki kuwa kyamarorinsu kamar sabulu, a aljihun riga. Ɗaya ya taɓa tambayata ko janareta na ɗauko.

Ban yi dariya ba. Na riƙe maganar.

Hussein yana da shago a Kasuwar Libiya, layin kayan lantarki, tsakanin mai caja da mai fanka. Bahaushe ne, iyayensa daga gonakin Jazira suka zo, amma Hausarsa rabi Larabci ce. Batir na je nema. Ya ga jakar ya kama kai.

"Ya zol, wannan kyamara ce ko tukunyar gas?"

"Batir nake so."

"Batir ɗinta sai gidan tarihi. Miƙo hannunka."

Ya ɗora mini wata 'yar abu a tafi. Na ɗauka kwalin ne babu kaya. Kyamara ce, ta wani kamfani daban, ba na tamu ba. Na ce bari in gwada ta da doguwar adasata.

"Ba za ta hau ba. Ƙabilarsu ba ɗaya ba. Kamar ka ce za ka sa wa raksha mai ƙafa uku tayar tirela. In ka zo nan, da komai naka za ka zo, ka bar na can a can." Ya karɓa ya nuna ni da ita. "Tsaya haka."

Na tsaya ina jira.

"Danna mana."

Ya juyo mini da gilashin. Ni ne, sau goma sha ɗaya. Ina jira, ina ɓata rai, bakina a buɗe ina cewa danna mana. Ban ji komai ba. Ko numfashi.

"Tana da ƙara in kana so," in ji shi. "Ga wurin kunnawa nan a ciki. Amma wa ke son ƙara yanzu? Ƙara ta tsofaffi ce."

Sati uku ina komawa shagon nan ba tare da na sayi komai ba. In ɗauke ta, in ajiye. Ran Talata na je da jakar Baba gaba ɗaya, muka yi musaya. Ya kwashe Hajiya da idanunta uku da filashar, ya tura ƙarƙashin kanta. Na fito da sabuwar a rataye a wuya, da adasa ɗaya tal. A hanya sai na riƙa taɓa kafaɗata. Ji nake kamar na manta wani abu a hafila.

Na tarar da Baba a ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gidanmu, yana shan shayi. Na miƙa masa sabuwar. Ya auna ta a tafin hannu.

"Ina sauranta?"

"Ke nan."

"Jakar fa?"

"Na bayar."

Ya ci gaba da juya ta a hannu. Na shirya wa faɗa, na tanadi amsoshi tun a hanya: kafaɗa, gada, zamani. Bai ba ni damar amfani da ko ɗaya ba.

"Da tsumman?"

Sai a lokacin na tuna. Yana aljihun gefe.

Ya miƙo mini kyamarar. "Danna in ji."

Na danna.

"Danna mana."

"Na danna, Baba."

Ya ɗauki kofinsa. "Ka buɗe mata baki kafin ka shiga gidan mutane."

Na ce to.

Gaskiya ita ce sabuwar ta fi tsohuwar. Ba zan yi mata ƙarya ba don abin da ya biyo baya. Tana gani a inuwa, tana kama ido da kanta, ciwon kafaɗata ya warke a sati biyu. Kuma ta nuna mini abin da ban taɓa gani ba: fuskar mutum kafin ya san ana kallonsa. Da Hajiya, kowa ƙamewa yake yi, ya haɗe leɓe, ya zama hoton katin shaida. Da wannan, na zagaya Kasuwar Umdurman tana rataye a ƙirjina, ɗan gilashinta a karkace, ina kallon ƙasa kamar mai duba waya. Na ɗauki tela yana lasar zare. Na ɗauki mai kayan yaji tana gyangyaɗi da ludayi a hannu. Na kalli hotunan na ce ashe shekara biyu gumaka nake ɗauka. Wurin kunna ƙarar na san inda yake. Ban taɓa shi ba.

Aikin gida na farko bayan musayar shi ne lallen Ghada, jikar Gogo Kande.

Gogo Kande ƙanwar kakana ce, ta haura tamanin. Gidanta ne gida na farko da aka bar Baba ya shiga da kyamara, ita ta ce a bar shi, sauran gidaje suka bi. Ni kuwa tun ina rarrafe mijinta take ce mini.

Na isa bayan la'asar. Na yi sallama, aka amsa. Tsakar gida cike, ƙamshin turaren wuta da man lalle, 'yan mata suna ɗumama fatar daluka, gangar mata, a bakin murhu. Ghada na zaune a kan angarib an miƙe mata ƙafafu ana zane.

"Ga angon nawa marar gemu," in ji Gogo. "Ka zo da kuɗin cefane ko yau ma da yunwa za ka bar ni?"

"Na sake ki tun bara, Gogo, ba ki ji ba ne."

"Wa zai kwashe ka in ba ni ba? Dube shi, kamar sandar rake da aka tsotse." Mata suka kwashe da dariya. Ta leƙa bayana. "Ina Hajiya?"

"Tana hutawa."

"To zauna ka sha jabana kafin a kawo ta. Rim, zuba wa yayanki."

Ƙanwata Rim ta miƙo mini ɗan kofin gahawa. Na zauna a kujerar roba a gefen rakuba. Sabuwar tana ƙirjina. Ba wadda ta dube ta sau biyu. A wajensu aiki bai fara ba, Hajiya ba ta yi magana ba. Ni yaron gida ne da ke shan jabana.

Na gane haka sarai. Wannan ne wurin da nake komawa kullum. Ba wai ban lura ba ne. Na lura, na ji daɗi.

Na karkata gilashin, na sunkuyar da kai.

Na ɗauki Gogo ba ɗankwali, farin gashinta a tsefe rabi, tana nuna wa mai zane inda ta karkace. Na ɗauki uwar amarya tana kuka tana dariya lokaci guda. Tob ya zame daga kafaɗu, ba wadda ta damu. Hasken yamma yana shigowa ta tsagin rakuba layi-layi. Ban taɓa samun hotuna irin waɗannan ba, kuma na san Baba ma bai taɓa samu ba.

Tsakanin gidan Gogo da na maƙwabta akwai nafaj, 'yar ƙofar da ake hudawa a katanga don mata su riƙa shiga wa juna ba sai sun fita titi ba. Gidan da ke bayanta na Yaya Amna ne. Mijinta Isma'il makanike ne a Mantiƙa Sinaiya, mota ta zame daga jak ta danne shi, wata biyu kafin bikin. Tana cikin takaba, wadda a nan muke ce wa habs. Farin yadi mai kauri, ba turare, ba kwalli, ba fita, ba taro, namijin da ba muharraminta ba ba ya ganin fuskarta har wata huɗu da kwana goma su cika. Dangin mijinta masu tsanani ne a kan wannan. Kowa ya sani.

Da aka fara buga daluka, nafaj ɗin ya buɗe kaɗan. Ta tsaya a tsagin, rabin jikinta a gidanta. Ba ta shigo ba. Daga inda nake zaune ginshiƙin rakuba ya kare ni, amma gilashin yana ganinta.

Sai Gogo ta miƙe. Ta ce za ta nuna wa Ghada yadda aka yi rawar amarya a zamaninsu. Ta jefar da sanda, ta turo ƙirji, ta mai da kai baya kamar kurciya, ta yi taku biyu, gwiwa ta ƙi. Ta tsaya a karkace tana zagin gwiwar da uwarta da ubanta. Gidan ya kece. Har mai ganga ta kasa bugawa.

Yaya Amna ta yi dariya. Ta kai hannu za ta toshe baki, ba ta kai ba. Farin yadin ya zame daga kanta, kafaɗarta ɗaya ta ɗaga. Rana ta faɗo mata a fuska daidai.

Na gan ta. Na san ko wace ce. Na danna sau uku.

Can daga baya na miƙe na ce zan fara. Gogo ta ce da me? Na nuna mata. Ta ce wannan ai 'yar Hajiya ce, ko yaye ba a yi mata ba. Mata suka gyara tob, nafaj ya rufe, na ɗauki hotunan da aka saba, kowa a ƙame. Ba wadda ta tambaya ko an ɗauki wani abu kafin nan.

Da a zamanin Hajiya ne, da sai na koma gida, na zare kati, na sa a kwamfuta, na zauna na tace. Baba ba ya ba da hoto sai ya kwana da shi. Sabuwar kuwa tana aika hoto waya kai-tsaye. A ƙofar gida ƙanin ango ya tare ni.

"Ango ya hana ni sakat, ya Usta. Tura mini ko biyar ne ya ga amaryarsa."

Bai taɓa ce mini Usta ba kafin ranar. Na tsaya zaɓa, ya ce ana jiransa da raksha, in turo duka ya zaɓa da kansa. Dannawa ɗaya ce. Komai na kyamarar nan dannawa ɗaya ce.

Kafin magariba hotunan suna guruf ɗin dangin ango a waya. Kafin hantsin washegari sun ƙetare kogi sun isa wajen uwar Isma'il.

Rim ce ta faɗa mini abin da ya faru, tana tsaye a bakin ɗakina, ta ƙi shigowa. Uwar Isma'il ta zo da 'ya'yanta mata biyu. Ba su shiga ta hankali ba, a titi suka fara. Sun ce ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba matarsa tana rawa a gidan biki, kai a buɗe. Sun ɗaga waya suna nuna wa duk wanda ya tsaya. A hoton, da kafaɗar nan a ɗage, rawa ce. Ba wanda zai ce ba rawa ba ce. Yaya Amna ba ta iya fitowa ta kare kanta ba, tana habs. Daga ƙarshe tsohuwar ta shiga ɗaki ta cire hoton Isma'il daga bango, babban nan mai firam, ta ce idonsa ba zai ƙara kallon wannan fuskar ba. Ta tafi da shi a hammata.

"Baba ne ya ɗauki hoton nan," in ji Rim. "Ranar aurensu."

Na ce na sani.

"Ni na zuba maka jabana," ta ce. Ta tafi.

Da azahar Gogo Kande ta aiko a kira mu, ni da Baba. Muka tafi. Mun iske an fito mata da kujera ƙofar gida, ta waje, a rana. Tunda nake ban taɓa ganin ta karɓi Baba a nan ba. Ya durƙusa ya gaishe ta. Na durƙusa a bayansa.

Ba ta dube ni ba.

"Lawal, shekara talatin kana shiga gidan nan. Ban taɓa waiwayawa in ga inda kake ba."

"Haka ne, Gogo."

"Ni na ce wa yarinyar nan ta leƙo. Wata biyu tana kallon bango. Na ce leƙo ki sha iska, Hajiya ba ta zo ba tukuna, in ta zo za ki ji." Ta gyara sandarta. "Ni na faɗa mata haka. Da bakina."

Na ce, "Gogo, laifina ne, Baba bai..."

"Salahuddin, ba da kai nake ba."

Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ban ma san ta riƙe shi ba.

Baba ya ce, "Ni na ba shi jakar, Gogo. Abin da ya shiga da shi, ni na shigar."

"To. Daga yau iyakarku diwan. Nan da ko'ina. Matan sun riga sun yi magana, ni isarwa kawai nake yi."

Iyakarku ta ce, ba iyakarka ba. Baba ya ce Allah ya huci zuciyarki. Ya dafa ƙasa ya miƙe. A hanyar komawa yana gabana, kafaɗar hagun nan a ƙasa, ba jaka a kanta.

Washegari na je Kasuwar Libiya. Ban san me nake zaton dawo da ita zai gyara ba, na dai je. Hussein ya ce Hajiya ta tafi tun satin farko, wani mai studiyo daga yamma ya kwashe duka, ko lambarsa bai karɓa ba.

"Ma'alesh, yi haƙuri, ya zol. Me ya faru? Sabuwar ta ba ka matsala?"

"A'a."

"Na faɗa maka. Wannan ba ta ba da matsala."

Yana magana yana goge gilashin kantarsa. Da jan tsumman. Na miƙa hannu, ya ba ni yana dariya, ya ce in wannan ne kyauta.

Na kai wa Baba. Ya karɓa, ya ninke, ya sa a aljihun jallabiya. Na ce na buɗe wa sabuwar kyamarar baki. Na ɗaga ta sama na danna. Ta yi wani ɗan tis, kamar an karya tsinken ashana.

"Shi ke nan ƙarfinta?"

"Shi ke nan."

"Ko gyaran murya bai kai ba." Ya koma ga rediyonsa.

Na bar wata biyu da kwanaki suka wuce, har habs ɗin Yaya Amna ya cika. Ran nan da safe, da wuta ta zo, na kunna tsohuwar kwamfutar Baba ina neman hoton Isma'il. Baba ba ya rubuta suna a folda, kwanan wata kawai. Dole na riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Kowace na buɗe, hoton farko rufi ne. Azara da kwano. Fanka mai fuka-fuki biyu, na gidan Malam Zubairu ce, na gane ta. Reshen darbejiya da tsumman yara a rataye. Tabarmar rakubar Gogo, shekara daban-daban, tana tsufa. Sararin sama fari fat, inda gidan ba shi da inuwa. Ɗaruruwa. Bai goge ko ɗaya ba. Na zauna ina gane gidajen Umbadda ta rufinsu, gidajen da ba zan ƙara ganin cikinsu ba.

Na samu na auren Isma'il. Na kai aka wanke babba, aka sa firam irin na da.

Na ƙwanƙwasa ƙofarta da hantsi. Na yi sallama sau biyu. Ta zo ta tsaya a bayan ƙofar ƙarfen, ba ta buɗe ba. Ƙafafunta kawai nake gani ta ƙasa.

"Wane ne?"

"Salahuddin ne, Yaya Amna. Na Usta Lawal."

Na matso da firam ɗin kusa da ƙofar.

"Na kawo hoton Yaya Isma'il. Na samo a wajen Baba."

Ƙofar ta buɗe faɗin tafin hannu. Na zura firam ɗin a tsaye, aka karɓa. Na ji ta jingina shi da bango. 

"Ka goge wancan?"

"Na goge a wajena."

"A wajenka."

"Ki yafe mini."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Muryarta ba faɗa a ciki, da ma akwai.

"Ka san ina tsaye a nafaj ɗin nan kunnena yana wajen ƙofa? Na ce da na ji ƙarar zan koma. Duk dariyar nan da ka gani, ina saurare."

Na ce na sani. Ƙarya ne, ban sani ba sai lokacin.

"Ka gaida Usta," ta ce, ta tura ƙofar.

Yanzu rumfar maza nake yi, da gareji, da ɗalibai. Aiki bai yanke ba. In ana biki a unguwa, Rim ce ke shiga ciki da wayarta, hotunan su fito a karkace, rabi duhu, mata su ce sun yi kyau. Baba ba ya zuwa biki sai ɗaurin aure, ya yi fatiha ya dawo.

Satin da ya wuce aka yi suna a layin su Gogo. Na isa rumfa, maza na zaune a kujerun roba suna jiran abinci. Daga bayan katanga ana buga daluka, wata tsohuwa tana zagin wani, mata suna dariya. Na ɗaga kyamarar na saita ta a tantin da ke kanmu na danna. Wani dattijo da ke kusa da ni ya bi hannuna da kallo har sama.

"Me kake ɗauka a can, yaro?"

Na ce ba komai.